Na Je Turai Neman Izinin Jin Muryar Ubana

Jami'in shige da fice ya juya fasfo ɗina gaba da baya, ya karanta takardar gayyatar da wata jami'ar ƙasarsu ta aiko mini, sannan ya tambaye ni me zai tabbatar masa cewa zan koma ƙasarmu. Na ce ni malamar tarihi ce a jami'a, mijina da 'ya'yana suna Kawo, cikin Kaduna. Ya ce kowa haka yake faɗa. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce na zo sauraron kaset. Wannan amsar ce ta sa aka fitar da ni daga layi, aka kai ni wani ɗaki, aka zazzage akwatina har kuka da daddawar da mahaifiyata, Inna, ta ƙulla mini. Wata ma'aikaciya ta ɗaga ƙullin daddawar da yatsu biyu tana toshe hanci, ta jefa a kwandon shara. Da haka Turai ta yi mini barka da zuwa.

Gaskiya kuwa na faɗa masa. Kaset na zo saurare, kuma muryar mahaifina ce a ciki.

Mahaifina, Malam Hudu, malamin zaure ne. Ɗalibansa magidanta ne, teloli da mahautan kasuwar Kawo, da makanikai daga Mando, da ma'aikatan masaƙa da ke biyowa in sun tashi daga aiki. Bayan karantar da littattafai yana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, ya rera musu bayan la'asar. Ina 'yar firamare wani saurayin Bature mai suna Martin ya zo binciken digirinsa na uku. Malam ya ce sunan ya yi wa harshensa nauyi, ya mai da shi Mati. Mati ya daɗe tare da mu. Ya ci tuwon Inna, ya koyi zaman tabarma, da zazzaɓi ya kwantar da shi Malam da kansa ya goya shi a babur zuwa asibiti. Ya ɗauki hoton kowace takarda ta Malam, ya naɗi waƙoƙin a kaset, ya tafi da alkawarin zai aiko mana da namu. Har yau ana aikowa.

Bayan rasuwar Malam, ruwan wata damina ya rusa ɗakin da littattafansa suke. Kafin mu tono su tawada ta bi ruwa, takardun sun zama curin laka. Duk abin da ya rage na aikin rayuwarsa yana hannun Mati.

Shi kuwa Mati ya zama farfesa, littafinsa ya zama wanda duk mai nazarin malaman Arewa sai ya ambata. Na fara karanta shi lokacin digirina na biyu. A ciki na tarar da mahaifina babu suna, ana kiransa Malam H., an kafa shi misali na malaman da ke yaƙi da karatun zamani. Hujjar ita ce wata waƙa da Malam yake tir da masu boko. Na san waƙar, da ita na tashi. Magana ce a kan mai awo da ya buge gindin mudu, da telan da ke rage yadi, da mai cuɗa man gyaɗa da wani man. Bokon da kowace mace ta sani a amaryar boko ne, wato jabu. Mutumin da ya sa duk 'ya'yansa mata a makaranta, ya sha surutun unguwa a kan haka, shi aka nuna wa duniya a matsayin abokin gabar makaranta, saboda kalma ɗaya da baƙo bai gane ba.

Na rubuta maƙala don in gyara. Mujalla ta farko ta riƙe ta har na fid da rai, sannan ta dawo mini da ita. Masu tantancewa sun ce abin da na kawo tunanin 'ya ne game da ubanta, ba hujja ba, kuma in koma in karanta littafin Farfesa Martin da kyau. Wata mujallar ta ce a nemo ɗan asalin harshen ya gyara mini Turanci. Ta ƙarshe ta ce in kawo asalin waƙar. Na rubuta wa Mati, ya amsa da gaisuwa mai daɗi da addu'a ga Malam, batun kaset kuwa ko kalma. Shi ya sa da cibiyar da yake aiki ta tallata gurbin ɗan gajeren zama ga masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, na nema, na samu.

Daga filin jirgi na shiga jirgin ƙasa zuwa garin da jami'ar take, na nufi ɗakin da na kama tun daga gida ta hannun wani dillali a intanet. Lambar gidan tana nan, titin yana nan, amma shagon gyaran keke ne. Mai shagon ya dubi hoton ɗakin a wayata ya girgiza kai, ya ce ni ba ta farko ba ce. Lambar wayar dillalin ta daina shiga. Na ja akwatina cikin yayyafi mai sanyi kamar ƙanƙara na koma tasha, na zauna a benci na kira mijina. Ban yi kuka ba, faɗa na yi ta yi, kamar shi ne ya cuce ni.

Ina kashe wayar sai wata dattijuwa mai kauri da ke gefena ta ce, "Kai Bahaushe ne?"

Na dube ta. Sunanta Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi a ƙasar Gana, irin Hausarsu da mace ma kai ake ce mata. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta ji duk abin da na faɗa wa mijina.

"Tashi mu tafi," ta ce. "Ɗakin yarinyata ba kowa, tana makaranta wani gari."

"Hajiya, ba ki san ni ba."

"Na ji bakinka. Ya isa."

A gidanta na zauna har na bar ƙasar. Da safe takan ajiye mini shinkafa da wake da yaji a kwano kafin ta fita. Ita ta nuna mini inda ake sayar da naman halal, ita ta ara mini rigar sanyin da ta yi mini yawa. Rana ba ta daɗewa a ƙasar, la'asar da magariba kusan a haɗe suke, ba kiran salla, ba mai talla, ba yaron maƙwabta da zai leƙo. Wani lokaci in na fito daga bas sai in ji ina marmarin hayaniyar tashar Kawo, wadda a gida nake tsinewa kullum.

Ranar da na fara zuwa cibiyar, kafin a nuna mini wurin zama an ɗauke ni hoto. Kafin katin shiga laburare ya fito, fuskata da lulluɓina sun hau shafinsu, da rubutu a ƙasa cewa suna haɗa kai da masanan duniya. Teburina yana kan hanyar zuwa ɗakin shayi. Kusa da ni akwai wani masanin koguna daga Bangaladash, mutum mai furfura, wanda ya yi shekara da shekaru yana auna ambaliyar ƙasarsu. Ya ce mini duk rubutun da aka yi da awonsa, sunansa ne na ƙarshe in ma an sa, kuma ɗalibansa ba sa iya buɗe rubutun a gida don a kulle yake sai an biya. Ya faɗa yana dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Mati ya karɓe ni a ofishinsa da Hausa. Ya tsufa, gashinsa ya yi fari fat. A bango akwai allon da Malam ya ba shi, an sa masa gilashi.

"Saratu 'yar Malam," ya ce, ya dafa ƙirji. "Kin girma. Ina Inna?"

"Tana gaishe ka, Farfesa."

"Haba, Mati za ki ce."

Ban ce ba. Muka gaisa, ya zuba mini shayi, ya ba ni labarin yadda Malam ya koya masa cin goro. Na bar shi ya gama, sannan na ce kaset da hotunan takardu na zo nema, in saurara, in kuma koma da kwafi gida. Nan take ya koma Turanci.

Ya ce kayan ba a hannunsa suke ba yanzu, suna ɗakin adana kayan tarihi na jami'a, kuma doka ta rufe su don kare sirrin waɗanda aka yi hira da su.

"Kare shi daga wa?" na tambaya.

"Daga duk wanda zai iya cutar da shi ko iyalinsa."

"Ya rasu. Iyalin kuma ga ta a gabanka."

"Na sani. Amma izinin da ya bayar, ni ya ba, don bincikena. Bai ambaci kowa ba."

"Bai ambaci jami'arku ba ma, ga shi tana riƙe da su."

Ya ce ba shi ke hanawa ba, kwamiti ne. Daga baya na gano shi ne mai ba kwamitin shawara a kan duk abin da ya shafi Afirka. Ya ƙara da cewa yana shirya sabon bugu na littafin, kuma an saba a bar kayan a rufe har aikin ya fito. Sai ya yi murmushi ya ce yana da shawara mai kyau. Kunnensa ya yi nauyi, in zan taimaka masa in duba rubutun waƙoƙin, zai sa sunana a shafin godiya. Na ce masa ina da digiri irin nasa, ina yaye ɗalibai kamar yadda yake yayewa, ban bar 'ya'yana na ƙetaro teku don in zama karen farautar kowa ba. Na ajiye kofin shayin ban sha ba.

Na kai buƙatata ga kwamitin. Suka ce in kawo shaidar cewa ni 'yar Malam H. ce. Na ce ku gaya mini wane ne Malam H. sai in kawo. Suka ce ba za su iya bayyana sunansa ba, sirri ne. A haka makonni suka shuɗe ina zirga-zirga tsakanin ofisoshi, kowa da fara'a, kowa yana ba ni haƙuri, ba wanda ya ce a'a, ba wanda ya ce to. Ban taɓa ganin mutanen da suka iya hana mutum abu cikin ladabi irin waɗannan ba.

Kowane baƙo sai ya gabatar da aikinsa a taron ƙara wa juna sani kafin ya tafi. Hajiya Memuna ta ce in bi a hankali, gidansu ne. Na ce to. Da na tsaya gabansu, na rera waƙar daga kaina, tun daga farko har baitin da Mati ya tsinto, na fassara musu ɗaya bayan ɗaya, mudu da yadi da man gyaɗa. Mati yana zaune a layin gaba yana kallon takalminsa.

Wani matashi, ɗalibinsa, ya ɗaga hannu. Ya ce abin ya burge shi ƙwarai, amma ta yaya zan iya yin adalci a bincike alhali ubana ne ake magana a kai? Kuma wa zai tabbatar cewa abin da na rera shi ne abin da ke cikin kaset?

Na ce, "Tambayarka ta biyu tana da sauƙin amsa. Kaset ɗin yana ƙasan wannan ginin, ku buɗe. Ta farkon kuwa, malaminka ya zauna a gidanmu, ya ci abincinmu, ya gina sunansa a kan waƙar da bai fahimta ba, ba wanda ya tambaye shi adalcinsa. In ku kuka zo wurinmu, kusanci ne da sanin ƙasa. In mu muka yi magana a kan kanmu, son zuciya ne. Ku ke da kaset, ku ke da mujalla, ku ke tantancewa, sannan ku ce ba mu kawo hujja ba."

Shugabar taron ta gode mini saboda zafin kishina, ta ce lokaci ya ƙure. Washegari aka kira ni aka yi mini nasiha a kan yadda ake magana a tsakanin masana.

Mati ya same ni a teburina da rana, lokacin da kowa ya tafi cin abinci. Ya ja kujera ya zauna, ya ce na kunyata shi gaban ɗalibansa. Na ce shi ya kunyata mamaci gaban duniya. Sai ya ce, da Hausa, a hankali:

"Na daɗe da ganewa, Saratu. Bayan littafin ya fito wani ya nuna mini."

"Ka daɗe da sani?"

"Littafin ya riga ya tafi. Mutane da yawa sun yi gini a kan wannan babin. In na rushe shi, ba ni kaɗai zan faɗi ba. Zan sa ɗan bayani a ƙasan shafi a sabon bugu."

Na dube shi. Wannan mutumin ya san gaskiya tun ina budurwa. Yana sane lokacin da ake dawo mini da maƙalata ana cewa in je in karanta shi. Da kuskure ne kawai da na yafe, kowa yana kuskure a harshen da ba nasa ba. Amma ya auna sunan Malam da nasa, ya ga wanda ya fi arha. Na ce masa ya tashi daga teburina.

Ban san ko kunya ce ta kama shi ko tsoron surutu ba, amma saura kaɗan in tafi sai kwamitin ya ba ni izini. In saurara a ɗakinsu, a kwamfutarsu. Ba kwafi, ba naɗa, ba waya a ciki, kuma ba zan ambaci ko baiti ɗaya a rubutu ba sai da amincewar mai binciken asali.

Mai kula da ɗakin wata mace ce siririya mai suna Greta, ba ta da yawan magana. Ta karɓi jakata ta kulle, ta ba ni fensir da abin sauraro na kunne. Na danna. Da farko ƙara ce kawai, sai kukan akuya, sai ƙarar babur a waje. Sai Malam ya yi gyaran murya ya yi bisimilla.

Ba zan iya bayyana wannan ba, kuma ba zan gwada ba. Na dai san na kifa kaina a kan teburin, fensirin ya faɗi. Waƙar tana nan yadda na rera ta, ban yi kuskuren kalma ɗaya ba. Ga hujjar a kunnena, kuma ba ni da ikon fita da ita ƙofar ɗakin.

Na yi ta zuwa kullum. Ranar ƙarshe Greta ta tsaya a kaina ta tambaye ni ko mahaifiyata tana da rai. Na ce tana nan. Ta tambayi ko ta taɓa jin wannan. Na ce tun da aka binne shi ba ta ƙara jin muryarsa ba. Ta tafi, ta dawo da jakata ta ajiye a gefena.

"Zan je shan shayi," ta ce. "Ni kuma ina daɗewa a shayi. Ki kira ta. Amma don Allah kada ki naɗa. In ya fita waje, ni za a kora."

Na kira wayar Inna. Tana tsakar gida, ina jin ana daka a maƙwabta. Na ce, "Inna, ki shiga ɗaki ki zauna, ki saurara." Na manna abin sauraron a jikin wayar na danna. Waƙar ta tafi har ƙarshe. Da na mai da wayar kunnena ban ji komai ba, har na ɗauka layin ya yanke.

"Inna?"

"Ina ji." Sai ta ce, "Mura yake yi ranar. Na ce ya bari sai ya warke, ya ce kada a ɓata wa baƙo lokaci."

Ban naɗa ba. Yatsana yana kan madannin naɗa a wayar, amma na tuna matar da ta yarda da ni. Har yau in na tuna cewa mutunci ne ya hana ni ɗaukar abin da yake namu, a gidan da ba a yi mana mutunci ba, sai in ji zuciyata tana tafasa.

Hajiya Memuna ta raka ni tasha, ta ƙi karɓar rigar sanyinta, ta ce in kai wa Inna. Masanin kogunan ya ce in na ci nasara in sanar da shi, don ya san ana ci.

Ban ci ba tukuna. Sabon bugun ya fito. Babin yana nan yadda yake, sai wani ɗan layi a ƙasan shafi da ke cewa wata abokiyar aiki daga yankin ta nuna kalmar na iya ɗaukar wata ma'ana. Ni ma ba ni da suna, kamar ubana. Maƙalata na buga ta a mujallar sashenmu, da Hausa, da sunan Malam Hudu cikakke, da waƙar duka daga haddata, ban nemi amincewar kowa ba. Ɗalibaina sun karanta, tsoffin ɗaliban Malam sun sa an karanta musu a kasuwa. A can kuwa ba a lissafa mujallarmu cikin mujallu, saboda haka a wurinsu ban ce komai ba. Kwamitin ya ƙara wa'adin rufe kayan, wai ana sake duba dokar.

Ran da na dawo, bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, na shiga ɗakin Inna. Ba ta tambaye ni sanyin ƙasar ba, ba ta tambayi tsaraba ba. Ta sa na zauna a bakin gado na ba ta labarin komai, har maganar da Mati ya yi a teburina. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ɗago.

"To, yaushe za su sako shi?"

Na ce mata ban sani ba, Inna, amma ba zan bar su su huta ba.